Amsar Gaisuwa

Yaya ba zama ya yi ba, sauka ya yi. Hannu ɗaya a jikin bango, ɗaya a ƙugu. Gwiwar dama ta fara taɓa tabarma, ta hagu ta biyo, sannan ya tsaya a haka yana jiran numfashinsa ya dawo. Akawu na bakin ƙofa da jakar aiki a kafaɗa, yana kallo. Bai kama shi ba. Tun wata huɗu da suka wuce, da tarin buhunan siminti ya rufto wa Yaya a baya a cikin sito, ya hana kowa kama shi.

"Ga saƙon gidanku," in ji Yaya. Ya nuna ambulan da haɓa. "Karanta mana. Ita wannan sunana kaɗai ta gane."

"Ko sunan ma sai da na juya takardar," in ji Matar Yaya daga bakin murhu. "Maigida ƙarami, ka karanta a hankali, ban da cinye kalmomi."

Gidansu da Yaya ke nufi shi ne ofishin da ke duba raunin ma'aikata, inda Akawu ya shekara uku yana aiki. Can ake rubuta rahoton da kamfani ke bi. Abin da gidan nan ke jira ba mai yawa ba ne: layi ɗaya da zai ce wannan bayan ya gama ɗaukar kaya, a mai da mai shi gadi ko share harabar kamfani. Hoton ƙashi bai nuna karaya ba. Ciwon a jijiya yake, inda hoto ba ya kaiwa. Saboda haka komai ya rataya a kan abin da Yaya ya faɗa da bakinsa ranar da aka yi masa tambayoyi.

Akawu ya buɗe. Turanci ne tsaf, ba tuntuɓe. Ya karanta a ransa, sannan ya mayar musu da Hausa da muryar da yake karanta sanarwa.

"An duba shi. Majinyaci ya bayyana cewa yana samun sauƙi. Ya nuna zai iya ɗaukar kaya. Ba ya bukatar sauyin aiki. Zai koma bakin aikinsa ranar Litinin ta sama."

Ludayi ya tsaya a cikin tukunya.

"Sauƙi?" Matar Yaya ta juyo. "Mutumin da sai ya mirgina ya kama ƙafar gado kafin ya tashi?"

"To ai ban yi ƙarya ba," Yaya ya ce yana kallon yatsun ƙafarsa. "Da ko mirginawar ba na iyawa."

Idon Akawu na ƙasan takardar. A ofis ba a ba su sunan majinyaci, lambar fayil ake ba su, don kada wani ya yi wa ɗan'uwansa alfarma. Ga lambar fayil, 4471. A gefenta, da ƙananan baƙaƙe, alamar wanda ya duba rahoton: A6.

Shekara uku ke nan shi ne A6.

Ya ninke takardar yadda ta zo, ya mayar cikin ambulan. An kawo abinci. Ya ci. Bai san me ya ci ba.

* * *

Ofishin a bene na biyu yake. Tebur takwas, fanka uku, ɗaya ba ta juyawa. A bango akwai farin allo, lambobin ma'aikata a jere, kowa da yawan fayilolin da ya sallama a mako.

Aikin ba shi da wuyar faɗi. Nas a asibiti tana yi wa mai rauni tambayoyi, ana naɗar muryarsu. Muryar ta zo nan. Na'urar ƙirƙirarriyar basira, wadda kowa a ofishin ke kira Sakatare, ta saurara, ta rubuta rahoto da Turanci. Duk inda ba ta da tabbas sai ta shafa rawaya, ta ajiye tambaya a gefe. Aikin akawu shi ne ya amsa tambayoyin nan. Likita ya zo ranar Alhamis ya sa hannu. Fayil sittin a rana ake so daga kowane tebur. A ƙasan kowane shafi akwai wani ɗan maɓalli kore da ke amincewa da komai a danni ɗaya.

"Ka zo da wuri," in ji Walƙiya, mai tebur na kusa da shi, wanda lambarsa ba ta taɓa sauka daga saman allo ba. "Ko kujerata kake nema? Bari in gaya maka, sai ka ƙara yatsa."

Akawu ya ɗan murmusa don a bar shi. Ya buɗe fayil 4471. Ya sa abin sauraro a kunne, abin da ya fi wata biyu a cikin aljihun tebur, igiyarsa duk ta cukurkuɗe.

Ƙarar kujera. Wani numfashi da aka ja ta tsakanin haƙora. Ya san numfashin nan.

"Sannu, Malam. Ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Bayan fa?"

"Da sauƙi ƙwarai."

"Kana samun barci?"

"Ana taɓawa."

"Kana jin za ka iya ɗaukar kaya?"

Kujera ta sake ƙara.

"Da yardar Allah."

"To, Allah ya ƙara sauƙi. Ka turo min na gaba."

Minti uku da 'yan daƙiƙu. Ya cire abin sauraron, ya dubi shafin. Rawaya biyu. Ta farko a kan kalmar sauƙi, Sakatare ta rubuta a gefe: masu wannan harshe kan faɗi haka don amsa gaisuwa, ko da ciwo ya yi tsanani, ban iya tantance wanne ake nufi ba, ina ba da shawara mai dubawa ya saurari yadda ya zauna a farkon naɗin. Ta biyu a kan amsar ƙarshe: wannan ba e ba ce, ba a'a ba ce; na rubuta e na wucin gadi, a tabbatar.

A ƙarƙashi: An amince da duka. A6. Laraba, ƙarfe biyu da minti arba'in da ɗaya.

Ya yi ƙoƙari ya tuna wannan Larabar. Ba abin da ya zo. Wataƙila yana cin biskit. Wataƙila Walƙiya na ba da labarin ƙwallo. Rana ce kamar kowace, yatsa ya sauka, shafi ya wuce.

Abin da ya zo masa maimakon haka shi ne Inna. Safiyar ranar da ta rasu ya durƙusa ya ce ya jiki, ta buɗe ido da ƙyar ta ce da sauƙi. Kafin azahar an rufe ta da zane. Ba wanda zai koya masa ma'anar wannan kalma. Da ita aka yaye shi. Na'urar da ba ta taɓa zama a bakin gadon mara lafiya ba ita ta tsaya ta tambaya.

Ya jira ya ji wani abu, kuka ko tashin zuciya. Ba abin da ya motsa. Fanka na juyawa. Walƙiya ya sallami fayil uku.

* * *

Ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli a ƙasa yake, bayan matakala. Nan aka mai da Sista. Shekara ashirin da wani abu tana nas a asibitin ma'aikata kafin ta dawo ofishin. Yanzu aikinta ɗaure takardu da zare.

Ya gaya mata a tsaye, a taƙaice. Ba ta daina ɗaurin ba.

"Wace ce ta yi tambayoyin?"

"Ban sani ba. Muryar yarinya ce."

"Ita ma layi ke bayanta." Ta ja zare da haƙori. "Ni ban taɓa ce wa ɗan dako ya jiki ba. Ka gaishe shi, zai amsa maka gaisuwa. Mutumin da ya rayu da ƙarfin bayansa ba zai zauna gabanka ya ce bayan ya ƙare ba. Sai in ce, wa ke ɗaukar maka bokitin wanka? Yaushe rabon da ka ɗaga ɗanka sama? Nan za ka ga ya sunkuyar da kai. Wannan sunkuyawar ita ce rahoton."

"Sakatare ta tambaya, Sista."

"Na sani za ta tambaya. Wata shida na yi da ita lokacin da aka kawo ta, tebur ɗaya. Ita ta rubuta, ni in amsa. Turancinta ya fi nawa nesa ba kusa ba, kuma ba ta gajiya. Fayil ashirin muke yi a rana, ba wanda ya dawo da ƙorafi." Ta ɗora ƙunshin a kan tari. "Sai aka ga ai rubutun ba ya ɗaukar minti ɗaya. Aka ce to me tsohuwar nan ke yi da sauran yinin? Aka sauko da ni, aka ɗauko ku."

Ta dube shi a karon farko.

"Ita dai Sakatare in ba ta sani ba tana jin nauyin ta ce ta sani. Yayanka ne na jini?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya kai ni makaranta."

"To hau ka rubuta gyara. Ka sa lambarka, kada ka ɓoye ta. Ban ce zai yi aiki ba."

Ya hau. Ya gaya wa Sakatare abin da ya faru, ba ragi. Cikin ƙiftawar ido ta tsara masa takarda mai sakin layi huɗu. Ta tambaye shi ko yana so a rubuta cewa kuskuren na tsarin aiki ne, ko na mai dubawa. Ya ce na mai dubawa. Ta tambaye shi ko akwai abin da ya gani da idonsa game da majinyacin. Ya rubuta yadda Yaya ke sauka a tabarma. Ta mayar da shi Turanci, gwiwa bayan gwiwa. Wannan karon ya karanta kowace kalma, sau biyu.

* * *

Ranar Alhamis ya sami Likita a ofishin Manaja, tarin rahotanni a gabansa. Hannun hagu na ɗaga kusurwar takarda, na dama na sa hannu. Ba ya ɗaga shafin gaba ɗaya, kusurwar kawai.

Manaja ya karanta gyaran yana kaɗa kai.

"Rubutu ya yi kyau. Kai ka yi?"

"Ni da Sakatare."

"Haka ake so." Ya buga masa hatimin karɓa. "Kwamitin bita zai zauna ƙarshen watan gobe."

"Ranka ya daɗe, Litinin zai koma."

"Takardar farko tana nan daram har kwamiti ya zauna. Ba ni na tsara ba."

"In bai je ba fa?"

"Kwana uku a jere, kamfani zai rubuta cewa ya gudu daga aiki. Aikin ya tafi, katin asibiti ya tafi. Kuma wanda ba ma'aikaci ba, kwamiti ba ya duba fayil ɗinsa." Manaja ya faɗi haka ba tare da mugunta ba, kamar mai faɗin lokacin tashin mota.

Akawu ya juya wajen Likita.

"Likita, in kai ka rubuta layi ɗaya..."

"Ban ga mutumin ba." Biro bai tsaya ba. "Ba zan rubuta a kan wanda ban gani ba."

"Ka sa hannu a na farkon."

Biro ya tsaya. Likita ya dube shi ta saman tabarau, ba fushi, gajiya kawai.

"Na sa hannu a kan abin da kuka tace. Ina da asibiti biyu, ɗan samari. Ni na ɗauka kuna saurarawa."

"Mu kuma muna cewa ai Likita zai duba."

Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya musa. Likita ya ɗaga kusurwa ta gaba.

Akawu ya tsaya yana jira. Ya shirya wa kora tun daren jiya, har ya kwashe 'yan kayansa daga aljihun tebur. Manaja ya lura da tsayuwar.

"Akwai wani abu?"

"Ni fa? Kuskuren nawa ne."

"Kai ne na uku a allo. Je ka ci gaba da aikinka. Sai dai na ga makon nan ka ja baya, jiya goma sha tara ka yi."

"Ina sauraron muryoyin ne."

"To ragowar na tura wa Walƙiya. Ya gama su kafin a tashi."

* * *

Ya bari sai Lahadi da la'asar. Yaran sun fita wasa. Yaya na kwance rigingine a tsakar ɗaki, filo a ƙarƙashin gwiwoyi, yana kallon rufi. Matar Yaya na goge masa kakin aiki da ya wata huɗu a rataye.

"Yaya, rahoton nan ta hannuna ya bi."

Dutsen guga ya tsaya a kan riga. Ta ɗaga shi kafin ya ƙona.

"Ta hannunka kamar yaya?" in ji ta.

"Ba a sa suna. Ban san nasa ba ne."

"Da na wani ne fa?"

Ba ta jira amsa ba. Ta juya rigar, ta ci gaba. Ba ta ƙara ce masa maigida ƙarami ba ranar.

Yaya ya juyo da kai kawai, jikin na nan yadda yake.

"Duk Turancin nan kai ne?"

"Na'ura ce ke rubutawa."

"To kai me kake yi?"

"Tana tambaya, in amsa."

"Me ta tambaya?"

"Ta ce da ka ce da sauƙi, gaskiya kake faɗi ko gaisuwa kake amsawa."

Yaya ya yi wata 'yar dariya, ta katse a tsakiya, ya riƙe numfashi har abin ya wuce.

"Lallai tana da wayo. Kai ka ce mata me?"

"Ban karanta tambayar ba. Na danna kawai."

"Aikin ke nan?"

"Shi ke nan."

Yaya ya mai da ido rufi.

"Ni da nake gaya wa mutane a sito ƙanena rahoton likitoci yake rubutawa."

Ba zargi a muryar. Da zagi ya yi da ya fi sauƙin ɗauka. Akawu ya matso ya zauna a gefen tabarma, ya gaya masa batun gyara, da kwamiti, da ƙarshen watan gobe, da kwana uku.

"Za su sake kiran ka. In sun tambaye ka, ka ce yana ciwo. Ka ce ba ka barci. Faɗi in ji."

"In zauna gaban yarinya sa'ar 'yata in yi mata raki?"

"Ba raki ba ne. Faɗi kawai. Yana ciwo."

"Yana..." Yaya ya ja baki kamar mai taunar magani. "Yana ɗan taɓa ni."

"Ba ɗan ba."

"Kai, Akawu. Allah ya bar ni da ƙafafuna, wani a wurin nan aka kwashe shi. In buɗe baki in ce me?"

"Ka ce abin da ke akwai."

"To ai sauƙin ma akwai shi."

Matar Yaya ta rataye rigar a ƙusa, ta daidaita kafaɗunta.

"Kada ka je gobe, Yaya."

"In zauna, katin ya tafi, allurar da ake min duk mako ta tafi. Sai kwamitin naku ya zauna a kan wa?" Ya lumshe ido. "Mako bakwai ne. Zan riƙa ɗauka a hankali. Tashi ka kira min yaran nan, rana ta yi sanyi."

* * *

Litinin da safe Akawu bai wuce ofis kai tsaye ba. Ya raka Yaya. Tafiyar minti goma ta ɗauke su rabin awa. Yaya na tsayawa a bakin shaguna yana gaisawa da mutanen da ba su da wata doguwar gaisuwa da shi, hannu ɗaya a jikin ginshiƙi.

A ƙofar kamfani mai gadi ya karɓi takardar, ya duba hatimi, ya buɗe ƙaramar ƙofa. Ya tare Akawu da hannu.

"Ma'aikata kaɗai."

Ya tsaya a waje, ya riƙe sandunan ƙarfen. Daga nan ana ganin komai. Babbar mota ta ja baya zuwa bakin sito, an sauke mata katako ya zama gada. 'Yan dako sun yi layi, farare da ƙura tun kafin a fara. Suka ga Yaya, suka yi ta ɗaga hannu. Wani ya daki kafaɗarsa da murna. Shugaban lebura ya karanta takardar a tsaye, ya soke ta a aljihu, ya nuna layi.

Layin na tafiya. Mutum biyu a kan tari suna ɗaga buhu, suna sauke wa kowa a baya. Saura huɗu. Saura biyu. Yaya ya juya musu baya, ya buɗe ƙafafu, ya dafa gwiwoyi. Suka ɗaga, suka saki.

Gwiwoyin suka lanƙwashe, suka tsaya. Ya daɗe a haka har na bayansa ya yi magana. Sannan ƙafar dama ta matsa, taku kamar na mai tafiya a kan santsi. Ta hagu ta biyo. Ya hau katakon.

Wayar Akawu ta yi ƙara a aljihu. Bai duba ba. Ya san fayiloli ne suka fara shigowa.

Da Yaya ya sunkuya zai sauke buhun a cikin motar, rigar kakin ta ɗage. A ƙarƙashinta an naɗe ƙugunsa tam da zane, ninki a kan ninki, an ƙulle a gefe. Zanen matarsa ne, mai furanni shuɗaye. Bakinsa ya zaro ya sauko ta bayan wando, ba wanda ya gaya masa. Ya sauko daga katako a hankali, ya koma ƙarshen layi, ɗan gefen zanen na lilo a bayansa, ƙura ta fara hawa kan furannin.